Sahun Bakin Ƙofa

Rayna Boneva ta shiga masana'antar ɗinkin garinmu tana budurwa, ta fito da furfura. Wuyan riga aka ba ta ranar farko, kuma a kan wuyan riga ta tsufa. Gwamnati ta sauya, mai masana'anta ya sauya, rigunan da a da ake lodawa zuwa Rasha suka koma tafiya Jamus da Italiya, ita tana nan a kujerarta, kai a sunkuye, ƙafa a kan feda. Macen da ta yi wannan aiki ana gane ta tun daga nesa: kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, wuya ya turo gaba kamar na kaza mai neman tsaba. Mijinta direban motar katako ne, hanta ta kashe shi, kuma kowa ya san abin da ya ci hantar. Ɗansu guda yana Sifen yana aikin gona, ba a ganinsa sai a waya.

Da hannunta ya rage sauri aka sallame ta. Sai ta yi abin da matan wannan yanki na Bulgariya suka saba yi: ta hau bas, ta ƙetara iyaka zuwa Girka, ta kama jinyar wani tsoho a Tasalonika. A ɗaga shi, a juya shi, a wanke shi, a sake juya shi. Ɗan abin da keken ɗinki ya rage mata na baya, tsohon nan ya ƙarasa shi. Har ta kai sai ta zauna a bakin gado ta jawo ƙafarta da hannu kafin ta iya sa safa.

A can ta haɗu da yoga, motsa jikin nan na miƙe gaɓoɓi da jan numfashi. Shekarun da Girka ta talauce ne. 'Yan unguwar suka buɗe wani kanti da mai shi ya gudu ya bari, suna dafa abinci a ciki suna rabawa, ranar Lahadi kuma wata mata tana koyar da yoga kyauta. Maƙwabciya ce ta ja ta. Bayanta ya yi sauƙi, ba warkewa ba, sauƙi dai. Amma abin da ya fi zama mata a rai shi ne daɓen. Ga lauyan da aikinsa ya mutu, ga 'yar Albaniya mai goge-goge, ga malamar makaranta mai ritaya, ga ita kanta da duk unguwar ba wanda ya san sunanta sai dai "matar nan mai wanke tsoho", duk a kwance a ƙasa ɗaya, diddigen wannan kusa da kunnen wancan, ba mai tambayar wani daga ina ya fito. Ba ta taɓa ganin haka ba, ko a coci, don a coci ma akwai masu tsayawa gaba.

Da tsohon ya mutu ta dawo gida da akwati ɗaya da wannan abu a ranta: ta ga irin daɓen nan a garinmu kafin ta mutu. Ba ta da wani buri bayansa.

Ta tafi wurin bai Stamen (mu nan dattijo "bai" ake ce masa), mai riƙe da makullin gidan karatu na gari. Gidan yana da zaure a baya, dogo siriri kamar cikin bas, ƙofa ɗaya a wannan ƙarshe, murhun ƙarfe a wancan. Nan ake koyon rawar gargajiya a da, amma masu rawar duk suna Jamus suna jera kaya a sito.

"Yoga?" in ji bai Stamen. "Abin Indiyawan nan da ake tsayawa a kan kai?"

"Kai ma ka zo, bai Stamen, ko jini ya samu ya leƙa ƙwaƙwalwarka."

"Na gode. Tsayuwa da ƙafa ma da ƙyar nake yi. Nawa za ki riƙa karɓa?"

"Ba kuɗi. In sanyi ya shigo kowacce ta zo da itace ɗaya a hammata."

"Kyauta? To ba za su zo ba. Mutanenmu in suka ga abu kyauta sai su ce ko sabon addini ne ko siyasa."

Sun zo. Ciwon baya ya fi tsoron sabon addini ƙarfi. Talata da Asabar, ana tashi daga masana'anta sai su biyo ta nan, zare manne a rigunan sanyinsu.

Wahalar farko ita ce a sa su kwanta a ƙasa. Mu nan tun muna 'yan mata aka tsorata mu da daɓe mai sanyi, wai zai kama ƙoda, zai kama mahaifa, zai sa mace ta tsufa tana fitsari a tsaye. Don haka suka riƙa zuwa da dardumar tsumma irin wadda kakanninmu ke saƙawa, da barguna. Donka, shugabar layi, wadda ta yi shekaru a keken da ke kusa da na Rayna, ta zo da buzun tunkiya biyu da ɗamarar ulu a ƙugu. Sau ɗaya Rayna ta gwada buɗe taga, wai a sha iska ana koyon numfashi, saura kaɗan a yi mata duka. Iskar da ke ratsawa tsakanin taga da ƙofa ita ta kashe rabin mutanen da ke maƙabartarmu, in ka tambayi iyalansu.

A ƙarshen kowane darasi akwai kwanciyar da ake yi rigingine, hannuwa a sake, ido a rufe, ba motsi. Sunanta na asali kwanciyar gawa. Rayna ba ta taɓa faɗa musu ba, ta ce sunanta hutu, don ta san mutanenta. Tun ranar farko, ba tare da wata ta ce da wata komai ba, duk suka juya kai wajen ƙofa, ƙafa wajen murhu. A garinmu mai rai ba ya kwanciya ƙafarsa na kallon ƙofa, saboda da ƙafa ake fitar da gawa. Gado ma ba a ajiye shi haka.

Zauren ba ya ɗaukar fiye da mata huɗu a jere, sai aka yi sahu-sahu, ƙafafun na baya kusa da kawunan na gaba. Ba wanda ya tsara sahun, amma ya fito daidai da masana'anta. Donka da masu ɗinka aljihu da wuya suna jikin murhu, masu haɗa gefe a tsakiya, masu guga da masu yanke zare can baya. Rayna ta gani. Ta ce a ranta, a bi a hankali.

Shekarar farko ta yi daɗi, kada a hana ta haƙƙinta. Ciwon kan da ke kwantar da Donka duk ƙarshen mako ya ragu. Matan da suka yi shekaru suna zaune kusa da juna ba sa jin komai sai ƙarar keke suka fara hira. Wata rana ana durƙuso ana gantsara baya irin na kyanwa, wata ta saki tusa, Gergina mai yanke zare ta ɗaga kai ta ce, "Don Allah a rufe tagar nan, za ta kashe mu!" Aka yi dariya har wasu suka faɗi a gefe. A zauren nan ne ma suka haɗa baki suka je wurin manaja tare, suka nemi ɗan hutun miƙe baya da rana. Ya ba su. Ya kuma ƙara yawan rigunan da za a gama a yini.

Fidanka ce ke share titin gidan Rayna. 'Yar mahala ce, unguwar da ke bayan layin dogo inda kwalta ta ƙare, ta mutanen da gari ke kira Tsigani, su kuma suna ce wa kansu Roma. Sharar titunanmu duk matansu ne ke yi, da rigar ruwan lemo da tsintsiyar kirare da baro. Wata safiya da kaka Rayna ta fito sayen burodi ta tarar da ita ta dogara da tsintsiya, ta sunkuya ta kasa ɗagowa.

"Bayan ne?" in ji Rayna.

"Shi ne, Goggo Rayna. Jiya sai da jikokina suka ja ni kamar buhun dankali kafin na tashi."

"Ki zo gidan karatu ranar Asabar."

Fidanka ta yi dariya har haƙorinta na zinariya ya fito. "In share?"

"Ki kwanta."

"Tare da su Donka? Goggo, ko dai kin fara taɓa barasar da marigayi ya bari da sassafe?"

"Zauren na gari ne. Ke ba 'yar gari ba ce?"

"Ranar zaɓe 'yar gari ce ni."

Amma ta zo. Ta zo da Asenka, matar ƙanenta, da wasu mata biyu masu shara, duk sun yi wanka, gashi bai gama bushewa ba, kowacce da itacenta. Suna shigowa hira ta ɗauke. Rayna ta ce musu, "Ku ƙaraso ciki." Suka ce nan ma ya yi, suka shimfiɗa bargunansu a bakin ƙofa, inda iska ke shigowa ta ƙarƙashi.

Darasin ya tafi lafiya har aka zo hutu. Kowa ta kwanta yadda aka saba, kai wajen ƙofa, ƙafa wajen murhu. Ƙafar Fidanka ta zo daidai kan Gergina. Gergina kuwa a masana'anta ba wanda ke ƙasa da ita sai magen sito, kuma tun da aka fara ita ce ƙarshen sahu. Ta tashi zaune.

"Yaya Rayna, ni ba zan kwanta ƙafar Tsigana a kaina ba."

"Taki ƙafar a kan wa take?"

"Wannan daban. Mu mun san juna."

"Safata sabuwa ce," in ji Fidanka daga kwance. "Jiya na saya a kasuwa, a teburin da kika sayi taki. Ina bayanki kina ta neman ragi har mai kayan ya fara hamma."

Wasu suka tuntsire da dariya. Da ba a yi dariyar ba, da abin ya zo da sauƙi. Gergina ta naɗe dardumarta ta fita, ta bugo ƙofa.

Ranar Talata Gergina ta dawo, ta shimfiɗa a wurinta ba ta kalli kowa ba. Da aka zo hutu, ba wanda ya ce mata ta yi, Fidanka ta juya bargonta, ta sa kai kusa da kan Gergina, ta miƙe ƙafafunta wajen ƙofa. Asenka ta daɗe a zaune tana kallonta, sannan ta yi alamar gicciye a ƙirji ta juya ita ma. Sauran biyun suka bi. Duk matan nan sun ga abin da aka yi, kuma a cikinsu babu wadda za ta bar jaririn maƙwabciyarta ya kwanta haka ko na ɗan lokaci. Amma ba wadda ta ce su juyo. Suka rufe ido.

Rayna ta tako a hankali ta tsuguna kusa da Fidanka. "Juyo," ta ce da ita ƙasa-ƙasa.

"Bar shi, Goggo. Mu mutuwa ta san gidanmu, ba sai ƙofa ta nuna mata hanya ba."

Haka aka ci gaba har dusar ƙanƙara ta sauka. Rayna ba ta zauna haka kawai ba. Ta ce daga yau a gicciye za a kwanta, kai wajen bango, ƙafa wajen taga, ba wadda za ta kalli ƙofa. Aka gwada. Sai ya zama kafaɗa ce kusa da kafaɗa, matan masana'anta suka takure wajen murhu suna hawa kan juna, suka bar fili tsakaninsu da matan mahala wanda keken doki zai iya wucewa. Donka ta ce bangon yana hura mata sanyi a tsakar kai. Mako bai zagayo ba aka koma yadda ake.

Sai Rayna ta ɗauki nata bargon ta je ta kwanta a sahun bakin ƙofa, ƙafa wajen ƙofa. Ba ta gama rufe ido ba ta ji an fizgi hannunta. Donka ce, ta taso tun daga jikin murhu, fuskarta ta yi fari.

"Kin haukace ne, Yaya Rayna? Tashi! Ɗanki bai ma zo ya gan ki ba bana."

"Su fa?" Rayna ta nuna matan huɗu.

"Su suka zaɓa. Wa ya sa su?"

Da gaske Donka take. Tsoronta a kan Rayna na gaske ne. Wannan ne ya fi ƙona wa Rayna rai, don da mugunta ce zalla da ta san yadda za ta yi da ita.

Matan mahala dai ba su fasa zuwa ba. Ɗakin Fidanka biyu ne, mutanen da ke kwana a ciki sun fi ƙarfin ɗaki huɗu, ga talabijin ba ya mutuwa, ga jikokin da iyayensu suka tafi Holan suka bar mata. A duniya babu inda take kwanciya ba wanda ke kiran sunanta sai bakin ƙofar nan. Da an ce hutu sai barci ya kwashe ta, ta yi ta minshari, har masu guga suka saba, in ba su ji ba sai su leƙa ko tana da rai. Bayanta ma ya fara sakewa. Ta ce da Rayna yanzu tana iya ɗaga baro ba ta zagi kowa ba.

Bayan Kirsimeti Asenka ta tashi da safe rabin fuskarta ya saki, baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Likita ya ce jijiyar fuska ce, tana iya kama kowa, kuma yawanci tana komawa. Ba wanda ya yarda da shi, a mahala ko a gari. Mace ta yi wata da watanni tana kwanciya cikin iskar ƙofa, ƙafa a waje kamar mai jiran a ɗauka, me ake tsammani? Mijin Asenka ya ce in ta sake taka gidan karatu zai karya mata ɗaya ɓangaren. Sauran biyun mazansu suka hana su. Fidanka ce kawai ta rage, don ita mijinta ya daɗe a ƙasa.

Ranar Talatar nan Rayna ba ta fara da numfashi ba. Ta tsaya a tsakiyar zaure ta ce daga Asabar sahu zai riƙa juyawa. Na bakin ƙofa zai koma jikin murhu, kowane sahu ya ja baya ɗaya, mako mai zuwa a sake juyawa. Kowa za ta ɗanɗani murhu, kowa za ta ɗanɗani ƙofa, kuma ba wadda za ta sake kwanciya ƙafa waje.

"Ke nan ita gaba, ni bayanta," in ji Donka.

"Ƙafarki ce za ta zo kanta. Ba abin da kuke so ke nan ba?"

"Ni ba na sa ƙafata a kan kowa. Wurina nake so. Ni na fara zuwa zauren nan tun ana ce miki 'yar sabon addini. Ni na kawo miki matan nan ɗaya-ɗaya."

"Na sani."

"To ki sani da kyau. Kin je Girka kin wanke gindin tsoho kin dawo za ki koya mana zaman duniya? Mu muna nan, ba mu je ko'ina ba. Makaranta ɗaya ba mu yi da su ba, maƙabarta ma kowa da gefensa, sai a zauren rawa za ki gyara?"

"A maƙabarta ba ni da iko. Nan ni ke koyarwa."

"Wa ya sani ma inda take samo itacen da take kawowa," in ji Gergina daga baya.

"A bayan gidanku," in ji Fidanka. "Ki ƙirga naki in kin koma."

Wannan karon ba wadda ta yi dariya.

Ranar Asabar Rayna ta riga kowa zuwa. Fidanka na shigowa ta karɓe bargon daga hannunta ta kai shi jikin murhu ta shimfiɗa.

"Goggo, don Allah bar ni inda nake."

"Zo nan."

"Na ce miki can ya ishe ni."

Rayna ta kama ta a wuyan hannu ta ja ta, irin jan da ta koya a jikin tsohon Tasalonika, ta zaunar da ita. Fidanka ta zauna a gefen bargon kamar mai jiran a kira ta gaban alƙali. Zafin murhu yana dukan bayanta, ba ta ko jingina ba.

Matan masana'anta suka iso tare. Suka ajiye itacensu a kwandon bakin ƙofa kamar kullum, sannan suka ɗaga kai suka gani. Donka ta daɗe a tsaye, buzunta a hammata. Ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuya ta zaro itacenta daga kwando ta juya. Ta bayanta ma ta zaro nata. Ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai da ta duba ta ɗauki wanda ta kawo, ba ta taɓa na wata ba. Wata yarinya mai guga ta tsaya tana kallon Rayna kamar za ta yi kuka, amma Donka ce ke raba aiki da safe, ta bi su.

Zauren ya rage su biyu.

"To," in ji Rayna. "Miƙe. Ja numfashi."

Fidanka ba ta motsa ba. "Kin ji daɗi yanzu?"

"Haƙƙinki ne ki zauna nan."

"Na roƙe ki haƙƙi? Wa ya aike ki? Ina da wurina, ina da barcina, bayana yana sauƙi. Ke za ki koma gida ki rufe ƙofa, ni ce zan wayi gari ina shara a ƙofar gidan kowacce daga cikinsu. Da ina Fidanka mai minshari. Yanzu na zama Tsiganar da ta kori mutane daga gidan karatu."

"Da kin ci gaba da kwanciya kamar gawa?"

"Goggo, ƙafata ce ko taki?"

Ta naɗe bargonta. Nata itacen ta bar shi a kwando.

Cikin makon masu kula da gidan karatu suka zauna, bai Stamen ya kira Rayna ya gaya mata abin da suka yanke. Ba a kore ta ba. An ce ma an gode mata. Sai dai don zaman lafiya, Talata ta zama ta matan gari, Asabar ta matan mahala.

"Kowa ya samu murhu," in ji shi. "Me ya fi wannan adalci?"

"Ka mayar musu. Ban yi ba."

"Rayna, ni na girme ki. Tun ina yaro ake cewa za a haɗa mu da su. 'Yan gurguzu da bindiga ma ba su iya ba, sai ke da bargo?"

Ta ajiye masa makullin zaure a tebur ta fita.

Ta zauna a gida har ƙanƙara ta fara narkewa. Tana yin yogarta ita kaɗai tsakanin gado da kabad. In ta fita kasuwa ana gaishe ta, ba a tsayawa. Wata Lahadi bayan coci Donka ta ƙwanƙwasa mata ƙofa da farantin banitsa, gurasarmu mai cuku a ciki, mai zafi a hannu, cukunta har yana tsiyaya. Ta rame, ta ɗaure kai da gyale tamau, alamar ciwon kan ya dawo. Suka zauna a kicin. Rayna ta dafa kofi. Ba wadda ta ambaci Fidanka.

"Mun gwada bin wata yarinya mai koyar da yoga a waya," in ji Donka. "Gergina ta murɗe wuya, kwana uku tana kallon gefe kamar agwagwa. Biyu daga layina likita ya ce sai an yi musu aiki a baya. Ki dawo, Yaya Rayna. Ba don ni ba."

Rayna ta dubi hannuwan Donka a kan tebur, yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, irin nata sak. Ta san kujerar da suka fito, ta san yadda baya ke yi da yamma a kanta. Mata wajen ashirin ne. Ta yi ta juya kofinta, har ya huce.

Ta koma wurin bai Stamen ta karɓi makullin. Talata zaure ya cika, kowa ta koma sahunta. Asabar ta je ta hura murhu da itacenta, ta zauna. Ta aika mahala a gaya musu zauren nasu ne su kaɗai, ba mai ce musu komai. Bakin Asenka ya koma daidai kamar yadda likita ya faɗa, amma ba wadda ta zo. Bayan wasu makonni bai Stamen ya ce ba zai riƙa barin gidansa ranar Asabar ya buɗe gidan karatu don a ɗumama bango ba, Rayna ba ta yi masa musu ba.

Fidanka kuma ba ta sake share titin Rayna ba. Mutanen unguwa sun kai ƙara cewa ba ta shara da kyau, aka mayar da ita kasuwa da tashar bas, inda sharar ta fi yawa kuma baro sai an hau da shi tudu. A can Rayna ta gan ta da bazara, tana tura baron ɓawon kankana, ta sunkuya fiye da da.

"Fidanka."

"Goggo Rayna. Kina nan? An ce zaure ya cika."

"Ya cika. Bayan fa?"

"Yana nan inda na bar shi."

"Kawo tsintsiyar. Ki riƙe ta haka da hannu biyu, ki ja ƙugu baya, ki bar kai ya sauka. Ko a nan za ki iya yi, in kin samu sarari."

Fidanka ta waiga wajen masu tebur. Mai sayar da tumatir ya daina awo yana kallonsu.

"Wuce, Goggo," ta ce. "Ana kallo. In suka sake kai ƙara, juji za a tura ni."

Rayna ta mayar mata da tsintsiyar. Ta tsaya a teburin gaba ta sayi barkono da albasa, ta hau tudu zuwa gida.

Har yau tana koyarwa ranar Talata. Ta kusa saba'in, gwiwa ɗaya ta fara ba ta wahala, in za ta nuna abin durƙuso sai ta sa wata ta nuna. Donka ta yi ritaya amma ba ta fasa zuwa ba. In baƙo ya tambayi Rayna me take yi a gidan karatu, sai ta ce motsa jiki take koya wa masu ciwon baya.